Manjo Powell da Kogin Kolorado

John Wesley Powell hafsan sojan igwa ne a yaƙin basasar Amurka. A dagar Shiloh, cikin Afrilun 1862, harsashi ya ragargaza masa hannun dama, likitoci suka yanke. Da ya warke sai ya koma bakin daga, har ya kai muƙamin manjo.

Bayan yaƙi, hankalinsa ya koma yamma, ƙasar duwatsu da ƙarancin ruwa wadda taswirorin gwamnati suka bar wani yanki nata fayau. Ran 24 ga Mayu 1869, shi da mutum tara suka shiga kwale-kwale huɗu a Green River ta Wyoming, suka bi ruwa zuwa Kogin Kolorado har cikin Grand Canyon, kwazazzabon da zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi. Kwale-kwale ɗaya ya tarwatse tun da wuri, da guzuri a cikinsa. Garin da ya rage ya jiƙe ya yi fumfuna, sai da gidan sauro suke tankaɗe shi. Mutum ɗaya ya janye tun a farkon tafiya. Dab da ƙarshe, wasu mutum uku suka ce sun gaji, suka hau dutse da ƙafa, ba a sake ganinsu ba. Mutum shida ne suka fito ƙarshen Agusta.

Abin da ƙasar ta koya masa shi ne ainihin gadon da ya bari. Dokar 1862 tana ba kowane manomi eka 160, ma'aunin da ya dace da gabas mai damina. Powell ya ga da idonsa cewa a yawancin yamma ruwan shekara bai kai inci 20 ba. A rahotonsa na 1878 ya ce a ba makiyayi eka 2,560, mai noman rani eka 80, a kuma shata iyakoki bisa magudanan ruwa maimakon miƙaƙƙun layuka. Magana ce ta wanda ya sha ƙishi, kuma gaskiya ce.

'Yan siyasa da kamfanonin jirgin ƙasa ba su so jin haka ba. A taron ban-ruwa na Los Angeles a 1893 aka yi masa ihu da ya ce ruwan ba zai isa ba, rigima da shari'a za a bar wa 'ya'ya. Shekara na zagayowa ya ajiye shugabancin hukumar binciken ƙasa. Ya rasu a 1902.

A 1922 jihohi bakwai suka raba ruwan Kolorado a takarda, suka raba fiye da abin da kogin yake kawowa, kuma har yau ana ta ja-in-ja a kan rabon.