Jemagun Asibitin 37: Abin da Masu Bincike Suka Gano a Tsakiyar Birnin Akara

A tsakiyar Akara, babban birnin Gana, akwai mahaɗar hanyoyi da kowa ke kira 37, sunan da ta samo daga asibitin sojoji da Turawan Ingila suka kafa a wurin a 1941. Manyan itatuwan da ke jere a harabar asibitin da bakin titi su ne masaukin ɗaya daga cikin garkunan jemagu mafi shahara a Afirka ta Yamma. Da rana suna rataye kai a ƙasa, cunkus a jikin rassa har reshe ya lanƙwasa, suna tsuwa ba ƙaƙƙautawa, motoci na wucewa a ƙarƙashinsu. Da almuru kuwa sai su tashi dubu-dubu, sama ta yi duhu. Mazauna Nima da Mamobi, unguwannin da Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, sun saba ganin wannan tashin daga ƙofar gida, don tazarar ba ta da yawa.

Mutanen gari suna da labarinsu kan yadda aka yi jemagun suka zo. An ce wani basarake ne daga Kibi aka kawo jinya, jemagun garinsu suka rako shi, ya rasu a asibitin, su kuma har yau suna jiran a sallamo shi. Masana ba su tsaya kan wannan ba. Abin da ya ja hankalinsu shi ne yadda dabbar daji mai yawa haka ta zaɓi zama cikin hayaƙin mota da hayaniyar tasha, da abin da zamanta yake jawo wa birnin da karkarar da ke kewaye da shi.

Irin wannan jemagen, wanda masana ke kira Eidolon helvum, babba ne. Nauyinsa yakan kai giram 300, faɗin fukafukansa kuma ya doshi santimita 80, gashin wuyansa da bayansa launin busasshiyar ciyawa. Ya bambanta da ƙananan jemagun da ke shiga rufin ɗaki suna cin ƙwari, waɗanda ke gane hanya da amsa-kuwwar kukansu. Wannan da ido da hanci yake aiki, abincinsa kuma 'ya'yan itace da ruwan fure. Macen ɗa guda take haifa a shekara, abin da ya sa garke in ya ragu yakan daɗe bai farfaɗo ba.

Bincike mafi zurfi a kan zirga-zirgarsu ya fito ne daga cibiyar Max Planck da ke Radolfzell a Jamus, mai haɗin gwiwa da Jami'ar Konstanz, ƙarƙashin jagorancin Dina Dechmann, tare da masanin Gana Michael Abedi-Lartey. Dabarar ba ta da wuyar faɗa, aikin ne jan aiki. Ana kafa raga a kama jemagu yayin da suke dawowa da asuba, a auna su, a maƙala wa masu ƙarfi a cikinsu wata 'yar na'urar GPS a baya, a sake su. Na'urar tana adana wurin da jemagen yake a kai a kai cikin dare. Washegari mai bincike zai tsaya a gindin itatuwa da eriya a hannu yana laluben siginar na'urar a cikin dubban jemagu don ya sauke bayanan. Daga nan sai a shiga mota a bi sawu, a je har gindin bishiyar da jemagen ya kwana yana ci, a ga wace iri ce.

Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa tafiyarsu tana bin yanayin shekara. Da damina, lokacin da garken ya ragu ƙwarai, 'yan da suka saura ba sa nisa: mafi nisa bai wuce kilomita 37 ba, kuma akasari itatuwan da mutane suka dasa a gidaje da unguwannin bayan gari suke ci. Da rani kuwa, sa'ad da garken ya cika ya batse, abincin kusa ba ya isa, sai ga jemage yana tafiyar da ta kai kilomita 88 kafin ya isa wurin kiwo, ya kuma dawo kafin gari ya waye. Abin da ke jansu a wannan lokacin shi ne furen rimi, wanda yake buɗewa da dare.

Nan ne amfanin abin ya fito. Jemage in ya ci ɓaure ko wani ɗan itace mai ƙananan ƙwayoyi, yakan haɗiye ƙwayar, ya kasayar da ita yana cikin tashi. Masu binciken sun ciyar da jemagun da suka tsare, suka auna tsawon lokacin da iri ke yi a ciki kafin ya fita, sannan suka haɗa wannan da bayanan tafiya daga Akara da Kibi da Wagadugu. Lissafin da suka fitar a 2016 ya nuna jemage guda na iya kai iri har nisan kilomita 75 daga uwar bishiya. Tsuntsaye da birai, waɗanda su ma suke yaɗa iri, galibi ba sa yarda su ratsa fili fetal inda aka sare daji. Jemage yana ratsawa, kuma a saman irin wannan filin ne ruwan irinsa ke zuba. Wani nazarin da ya biyo baya a 2019 ya ƙiyasta cewa garken Akara, a lokacin da ya kai jemagu 152,000, yana watsa ƙwayar iri kusan 338,000 a dare guda, adadin da zai iya fara tayar da daji a fili mai faɗin hekta 800 a shekara. Wannan ƙiyasi ne na lissafi, kuma ba kowace ƙwaya ce ke tsira daga wuta da akuya da fartanya ba. Amma ko an zabge rabinsa, babu hukumar gandun dajin da za ta raina shi.

Cikin itatuwan da suka dogara da jemagu akwai loko, katako mai tsada da aka sare har ya yi ƙaranci. A ƙasashen savana kuma, jemagu masu cin 'ya'yan itace suna cikin masu yi wa furen kuka da na ɗorawa barbara, suna kuma shan kaɗanya su yar da ƙwallon a wani wuri. Ke nan miyar kuka da daddawa da man kaɗe duk suna da ɗan hannun jemage a ciki. Ba kullum aikin ke zuwa yadda ake so ba. Darbejiya, wadda aka kawo daga Indiya a zamanin mulkin mallaka, ta bazu ta mamaye filayen da ke wajen Akara, kuma tun a 1974 masanin tsirrai Edward Ayensu ya nuna rawar da jemagu suka taka wajen bazuwarta.

Akwai ɓangare na biyu na binciken, wanda ya fi tayar da hankalin jama'a. Tun 1956 aka gano wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare a jikin irin wannan jemagen a tsibirin Legas, har aka raɗa mata sunan garin. Daga baya masana daga Jami'ar Cambridge, tare da likitocin dabbobi na Gana irin su Richard Suu-Ire, suka gwada jinin jemagun Akara, suka tarar da alamun cewa jikinsu ya taɓa haɗuwa da wannan ƙwayar da kuma dangin ƙwayar Nipah, wadda ta kashe mutane a Maleshiya da Bangaladash. Samun alama a jinin jemage ba daidai yake da ɓarkewar cuta a cikin mutane ba, kuma garken ya shafe shekaru masu yawa a kan asibiti. Inda masanan suka fi nuna damuwa shi ne wajen masu farauta da masu fiɗa, da duk wanda jemage ya ciza ko ya yakusa. Wani nazari na 2011 ya ƙiyasta cewa ana sayar da jemagu aƙalla 128,000 a shekara a kudancin Gana don ci. Ga dabba mai haihuwar ɗa guda a shekara, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, kuma hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin a jerin waɗanda suka kusa shiga haɗari.

Ga masu tsara birane, darasin yana wajen itatuwa. Jemagun ba sa buƙatar gandun daji a cikin gari, dogayen tsofaffin itatuwa ne a haɗe wuri guda suke nema, irin waɗanda suka saura a harabar asibitoci da barikoki da jami'o'i. Shi ya sa ake samun garkensu a gidan zu na Kumasi, da harabar Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, da dajin shaƙatawa na tsakiyar Wagadugu. Su ne kuma itatuwan da ake fara sarewa in za a faɗaɗa titi ko a gina shaguna. Ƙorafin maƙwabta gaskiya ne: kashinsu yana ɓata mota da shanya, ga wari, ga kuka tun asuba, nauyinsu kuma yana karya rassa. An sha datse itatuwan 37 saboda haka. Sai dai korar garke ba ta kawar da shi, tarwatsa shi take yi ya watsu cikin gidajen mutane, inda cuɗanyar ta fi ta da.

Abu na ƙarshe da binciken ya fito da shi shi ne cewa garken Akara ba na Akara kaɗai ba ne. Da damina ta kankama, akasarinsu sukan yi ƙaura arewa zuwa savana suna bin nunar 'ya'yan itace, wanda ya sa garken Wagadugu ke cika a daidai lokacin da na Akara ke raguwa. A kudancin nahiyar, miliyoyinsu suna taruwa a wani ɗan ƙaramin kurmi a dajin Kasanka na Zambiya tsakanin Oktoba da Disamba, kuma an bi sawun guda daga can da tauraron ɗan adam aka ga ya yi tafiyar da ta haura kilomita 2,000. Saboda haka masu binciken suka kafa hanyar ƙidaya ta haɗin gwiwa, inda 'yan sa-kai da ɗalibai a garuruwa daban-daban na Afirka suke fita duk wata, su ƙirga jemagun reshe guda, su ninka da yawan rassa da na itatuwa, su aika da adadin wuri guda don a ga inda garkunan ke ƙaruwa da inda suke ƙarewa.