Thomas Dorsey da shigar kiɗan buluz cikin majami'a

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu bi rayuwar Thomas Andrew Dorsey (1899-1993), mawaƙi kuma makaɗin majami'a ɗan ƙasar Amurka, wanda ake yi wa laƙabi da uban waƙar bishara ta baƙar fata, wato gosfel. Tambayar da ta sa muka ɗauko shi ita ce: ta ƙaƙa kiɗan da shugabannin addini suke ƙyama, suna ganin sa na gidan giya ne, ya samu shiga wurin ibada har ya zama shi ne muryarta? Muna ganin amsar tana da amfani ga masu nazarin adabin baka, domin ta shafi dangantakar rubutu da aiwatarwa, da kuma matsayin makaɗi a cikin al'umma.

2. Tasowarsa

An haifi Dorsey ran 1 ga watan Yuli 1899 a Villa Rica, wani ƙaramin gari na jihar Jojiya. Mahaifinsa mai wa'azi ne na ɗariƙar Baftis, mahaifiyarsa kuwa takan kaɗa molon majami'a mai maɓallai. Yana yaro iyalin suka koma birnin Atlanta. Can ya bar makaranta da wuri, ya riƙa zama gidajen wasa, ya koyi fiyano, har ya fara samun na abinci da kiɗa a wuraren shagali na dare. Ke nan tun farko kunnensa ya sha kiɗa iri biyu, na ibada da na duniya.

A 1916 ya fara zuwa Shikago, daidai lokacin da dubban baƙar fata suke barin gonakin kudu zuwa biranen arewa, suna gudun wariya suna neman aikin masana'antu. A 1924 ya zama shugaban makaɗan Ma Rainey, shahararriyar zabiyar buluz, kuma a 1925 ya auri Nettie Harper. A 1928, da sunan Georgia Tom, shi da makaɗin gita Tampa Red suka fitar da faifan "It's Tight Like That", waƙa mai habaicin batsa, wadda ta yi kasuwa ƙwarai. Amma cikin waɗannan shekaru sau biyu ciwon damuwa ya kwantar da shi. Kuma tun 1922 yake tsara waƙoƙin addini a gefe guda, ko da yake ba su kawo masa kuɗi ba.

3. Rikicin majami'un Shikago

Domin mu gane wahalar da ya sha, sai mun dubi halin da manyan majami'un baƙar fata suke ciki. Masanin tarihi Michael Harris ya yi bayanin wannan cikin littafinsa na 1992. Shugabannin waɗannan majami'u suna so su nuna wa Turawa cewa jama'arsu wayayyu ne, saboda haka suka zaɓi waƙoƙin Turai da ake rerawa daidai yadda aka rubuta su, jama'a na zaune shiru. Baƙin da suka zo daga kudu kuwa sun saba da tafi, da rausaya, da amsa wa mai wa'azi. Ashe gardamar kiɗa gardama ce ta matsayi, tsakanin ɗan birni da ɗan ƙauye, tsakanin mai ilimin boko da lebura. Waƙoƙin Dorsey sun faɗo tsakiyar wannan gardama, kuma fastoci da dama sun hana a rera su.

Abubuwa sun fara sakewa a 1930, sa'ad da aka rera waƙarsa "If You See My Savior" a babban taron Baftis na ƙasa da aka yi a Shikago, jama'a suka karɓe ta hannu bibbiyu. A 1931 shi da Theodore Frye suka kafa rukunin mawaƙan bishara a majami'ar Ebenezer. Da Fasto Junius Austin na majami'ar Pilgrim ya ga yadda abin yake jawo mutane, sai ya kira Dorsey a 1932 ya kafa masa irinsa. Nan ya zauna yana jagorantar mawaƙa shekaru sama da 40. Abin lura shi ne, yawan baƙin kudu ya sa majami'ar da ke son cika kujerunta tilas ta ba su kiɗan da suka sani.

4. Shekarar 1932

Cikin watan Agusta 1932 Dorsey yana wurin taron wa'azi a birnin Sen Luwis, sai aka aiko masa da waya cewa matarsa ta rasu wajen haihuwa. Jaririn ma bai daɗe ba ya bi ta. Cikin wannan baƙin ciki ya tsara "Take My Hand, Precious Lord", wadda ta fi duk waƙoƙinsa shahara. Karin muryarta ya samo shi ne daga wata tsohuwar waƙar majami'a ta ƙarni na 19, ya sake masa tafiya. A cikinta mutum guda ne yake magana da Ubangiji da bakinsa, yana faɗin gajiyarsa, yana roƙon a riƙe shi. Wannan shi ne ginin buluz, inda mai waƙa yake kukan abin da ya same shi. Bambancin shi ne buluz takan tsaya ga kukan, ita kuwa waƙar Dorsey takan ƙare da sa rai.

5. Takarda da murya

A nan ne muke ganin darasi mafi girma. A 1932 Dorsey ya buɗe gidan buga waƙoƙi na kansa, yana sayar da su a takarda. To amma abin da ke takardar ƙashi ne kawai. Jan murya, da lanƙwasa sauti, da jinkirta kalma ko maimaita ta, da musaya tsakanin jagora da ƴan amshi, duk ba su rubutuwa. Wanda ya saya ya rera yadda ya gani ba zai ji wani sabon abu ba. Saboda haka dole aka bi takarda da murya: Dorsey yakan tafi majami'a, ya zauna ga fiyano, zabiya ta rera, sa'an nan a sayar. Sallie Martin ta yi masa wannan aiki, kuma ita ce ta tsare masa sha'anin kuɗi. Daga baya Mahalia Jackson ta yi yawo da shi. Haka zalika, a 1933 aka yi taron farko na ƙungiyar ƙasa ta rukunonin mawaƙan bishara, wadda ya shugabanta, inda ake koyar da salon baki da baki. Duk wanda ya taɓa rubuta waƙar makaɗan Hausa daga kaset ya san wannan matsala: kalmomi suna hawa takarda, rabin waƙar yana nan a bakin mai ita. Mun kawo wannan ne don kwatanci kawai, ba muna cewa ɗaya ya fito daga ɗaya ba.

6. Kammalawa

Waƙoƙin Dorsey sun ƙetare iyakar launin fata. "Peace in the Valley" ta 1937, Red Foley ya sa ta a faifai a 1951, Elvis Presley kuma a 1957. Ran 4 ga watan Afrilu 1968 a Memfis, jim kaɗan kafin a harbe shi, Martin Luther King ya roƙi makaɗi Ben Branch ya kaɗa "Precious Lord" a taron daren nan, kuma Mahalia Jackson ta rera ta wurin jana'izarsa. Dorsey ya rasu a Shikago ran 23 ga watan Janairu 1993, gobara kuma ta cinye ginin Pilgrim a 2006.

Abin da muka fahimta shi ne, baiwa kaɗai ba ta isa ta buɗe masa ƙofar majami'a ba. Abubuwa uku suka haɗu: jama'a masu ƙaura da ke marmarin sautin gida, makaɗi da ya san karatun kiɗa ya kuma san kasuwa, da mata mawaƙa waɗanda suka ɗauki salon suka kai shi gari gari. Matsayin waɗannan mata, musamman Sallie Martin, ya cancanci nazari na kansa.