Ƙofar da ke cikin wasan waya, da aljihun 'yan kasuwa

Duk wadda ke kasa kaya a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ta san wannan hali. Ki ba yaro waya ya riƙe miki, ki juyo ki tarar ya duƙufa a kan wasa, ciniki na wucewa. In kin yi magana sai ya ce: "Inna, bari in ƙarasa wannan matakin." Amma matakin ba ya ƙarewa. To me ke kawo haka?

Masu ƙera waɗannan wasanni suna da manhajar zana filin wasa a kwamfuta, kamar yadda magini ke fitar da fasalin gida. Kowane mataki fili ne mai zaman kansa. A ƙarshensa sai su dasa ƙofa, su rubuta mata filin da za ta buɗe, da inda ɗan wasa zai sauka, da abin da zai wuce da shi, wato maki, makamai da rayuka. Da yaro ya taɓa ƙofar, sai tsohon fili ya rufe, sabo ya buɗe nan take, tun bai ɗago kai ba.

A 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Bros mai matakai 32. Sau ɗaya ake sayensa, shi ke nan. Amma Candy Crush Saga, da ya fito a 2012, kyauta ake saukewa, sai dai ya zo da rayuka 5 kacal. In sun ƙare, ko a jira minti 30 kafin ɗaya ya dawo, ko a biya kuɗi. Ke nan hanyar zuwa ƙofar ta zama tamkar shingen karɓar kuɗin hanya tsakanin Tasawa da Maradi.

Mu a nan, yawanci a sayen data da cajin waya kuɗin ke zurarewa. Dala ashirin yau, dala arba'in gobe, daga kuɗin talla, sai a wayi gari uwar kuɗi ta ragu.

Shawararmu ga iyaye ita ce a yi sharaɗi da yaro tun kafin ya fara: mataki biyu ko uku, in ya isa ƙofa ya ajiye. Kada a ba shi lambar sirrin asusun kuɗi na waya, ranar kasuwa kuma wayar ciniki ta zauna hannun mai ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a.