Tramol: Yadda Ake Jawo Mai Shan Ƙwaya Zuwa Ga Magani

Daga Tabla da Balayara har zuwa Filinge da sauran ƙasar Kurfai, sunan tramol ba baƙo ba ne a bakin jama'a. Asalinsa maganin ciwo ne mai suna tramadol, ɗan'uwan ƙwayoyin da ake samu daga ofiyom. Likita yana ba da ƙwaya mai miligiram 50, kuma ba ya yarda a wuce miligiram 400 a yini. Amma wadda ƴan tebur suke sayarwa a ɓoye tana kai 225 ko 250. Manoma da ƴan kabu-kabu da masu zuwa cin rani suna shanta don kada su ji gajiya. Cikin watan Satumba na 2017, an kama ƙwaya sama da miliyan 3 a Nijar cikin mota guda da ta nufi arewacin Mali.

Kama masu fatauci wajibi ne, amma bai warkar da wanda ƙwaya ta riga ta kama. Idan ya bari farat ɗaya, sai zufa da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa. Wannan wahala ce take mai da shi ga mai tebur. Idan kuwa ya ƙara yawa, tana iya jawo masa farfaɗiya, ko ta tsai da numfashinsa.

Cutar tana da magani. Likita yana iya rage ƙwayar sannu a hankali, ko ya musanya ta da metadon ko buferenorfin, waɗanda suke kashe ƙishirwarta, har mutum ya koma aikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magunguna na dole tun 2005.

Sai dai magani bai amfani wanda kunya ko tsoron jandarma ya hana shi zuwa ba. A Dakar, babban birnin Senegal, an buɗe cibiyar CEPIAD cikin asibitin Fann a ƙarshen 2014, aka fara ba da metadon a 2015. Ma'aikatanta ba su zauna jira ba: suna bin unguwanni, suna zantawa da masu shan ƙwaya, har su yarda su zo da ƙafarsu.

Ga darasin da ke ciki ga ƙauyuka irin Tabla. Manomi ba zai bar gonarsa da damina ya riƙa zirga-zirga zuwa Yamai ba. Ya kamata ya sami mai sauraronsa a gidan likita mafi kusa, a rufa masa asiri, a sa masa ranar komowa. Idan ya sake sha, kada a kore shi, domin sau da yawa sai an faɗi ake miƙewa.

Saboda haka ana kira ga uwaye da masu gari da limamai da su raka ɗansu wurin likita tun kafin abin ya yi nisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.