Babi na Bakwai: Hankali Ke Gani

A shekarar 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka fitar da sakamakon wani gwaji mai sauƙin gaske. Sun nuna wa mutane ɗan gajeren bidiyo na matasa shida suna jefa wa juna ƙwallon kwando, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe. Aikin mai kallo ɗaya ne: ya ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo.

Ana cikin haka sai ga wata mata sanye da kayan goggon biri, baƙi ƙirin tun daga kai har ƙafa. Ta ratso tsakiyar 'yan wasan, ta tsaya, ta fuskanci kyamara, ta bugi ƙirji, sannan ta wuce abinta. Daƙiƙa tara ta yi a fili. Da aka tambayi masu kallo, kusan rabinsu suka ce ba su ga komai ba. Da aka sake kunna musu, wasu har musu suka yi cewa an canza bidiyon.

Lafiyar idonsu ƙalau. Ƙwaƙwalwa ce ta zaɓi abin da za ta ɗauka: an ce ta bi fari, sai ta watsar da duk wani baƙi, har da birin. Hausawa sun riga sun faɗa, hankali ke gani, ido gululu ne.

Kada a ce ƙwarewa tana maganin wannan. A 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa suka saka hoton goggon biri a cikin hoton huhu, suka ba likitoci 24 masu karanta irin waɗannan hotuna su nemo ƙullutun cuta. Birin ya ninka matsakaicin ƙullutu sau 48 a girma, amma kashi 83 cikin ɗari ba su lura da shi ba. Na'urar bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun ɗora ido a daidai wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kowannenmu ke da tabbacin cewa shi da ya gani. Wannan tabbacin ne ke sa direba ya ɗauki waya yana tuƙi, yana cewa ai idona na kan hanya. Idan ya buge mai babur a mararraba ya fito yana rantsuwa, "Wallahi ban gan shi ba," sau da yawa gaskiya yake faɗi. Mota yake nema da ido, babur bai shiga lissafinsa ba. Haka ma shaidu biyu a gaban alƙali kan saɓa, ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba.

Don Allah, mai karatu, idan kana riƙe da sitiyari, ka bar wayar a aljihu har sai ka tsaya.