Ƙwayoyin Kududdufi Masu Tara Hasken Rana

Jama'a, duk wanda ya zauna kusa da kududdufi, ko a Agege ne ko a Sabon Ibadan, wataƙila ya taɓa ganin kwantaccen ruwa ya rikiɗe ya yi ja-ja. Wani lokaci wannan launi aikin waɗansu ƙwayoyin halitta ne da ake kira bakteriya, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Da hasken rana suke rayuwa, kamar ganyen itace.

Abin mamaki, a ƙarƙashin gansakuka suke zama, inda haske ya yi ƙaranci. To, yaya suke samun abin da zai ishe su?

Ku dubi yadda ake tarar ruwan sama. Bakin randa ƙarami ne, amma rufin kwano mai faɗi ya kan tara ruwa, indararo ya kai shi randa. Haka yake a jikin waɗannan ƙwayoyi. Randar ita ce cibiyar da ke juya haske ya zama ƙarfi. Masana uku a Jamus, Hartmut Michel da Johann Deisenhofer da Robert Huber, su suka gano siffarta, har aka ba su lambar Nobel a 1988.

Rufin kwanon kuwa sai a 1995 aka ga ƙirarsa, a Jami'ar Glasgow ta Biritaniya. Ashe zobe ne mai gaɓa 9, ɗauke da ƙwayoyin launi 27 masu kama haske: 18 a jere kafaɗa da kafaɗa, 9 a wani layin da ɗan tazara. Hasken da suka fi kamawa ma idon ɗan Adam ba ya ganinsa, watau wanda gansakuka ta bari ya wuce. Da ƙwaya ɗaya ta cafke shi sai ta miƙa wa ta kusa, kamar magina na miƙa tubali, zobe zuwa zobe har cibiya. Cikin kashi 10 na abin da aka kama, wajen 9 na isa lafiya. In haske ya ragu kuma, sai su ƙara yawan zobba.

Masu binciken lantarkin hasken rana sun zuba wa wannan tsari ido ƙwarai, suna neman su kwaikwaye shi. Mu da muka san zafin ɗauke wuta da tsadar man janareta, lalle muna da rabo a ciki in sun dace. Allah ya sa su dace, amin.