Wayar Fulogi Da Yadda A Kan Zaɓe Ta Ga Tsohuwar Mota

Akwai wani malami abokin aikina a kwalejin horon malamai wanda ya gaji wata tsohuwar mota ƙirar Peugeot 404 daga mahaifinsa. Tsohon ya saye ta ne da bashin mota a zamanin da yana babban akawun En'e, ya kuwa riƙe ta tamkar 'yar cikinsa har Allah ya yi masa cikawa. To, da ta zo hannun ɗan sai ta ɗauki wata ɗabi'a. Da rani lafiya lau, amma da zarar damina ta sauka, ko an yi raɓa da asuba, sai ta yi ta tari kamar mai mura, in an hau tudu kuwa ta riƙa fizga. Makanikai suka kwance kafireto sau uku, suka sake famfon mai, har wani ya ce sai an sauke inji. Ranar da muka tashi za mu duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wani ƙauye ta mutu mana a tsakiyar hanya, ruwa na zuba, yara suna can suna jira da darasin da suka kwana suna shiryawa. Da aka bincika daga baya, ashe cutar duk tana jikin wayoyi biyar ne waɗanda kuɗinsu bai kai na taya guda ba.

Domin mai karatu ya gane dalili, sai mu fara da aikin wayar. Batirin mota bolt 12 ke gare shi, wasu tsofaffin ma, kamar Volkswagen na kafin 1967, bolt 6 kurum. Wannan ba ya isa ya kunna fetur. Saboda haka akwai kwayil, wanda ke ɗaga ƙarfin wutar zuwa bolt 10,000 ko 20,000, ya miƙa wa distirbuta, ita kuwa ta raba wa kowace silinda a kan lokacinta. Daga nan wutar za ta bi waya zuwa fulogi, ta tsallake wani ɗan giɓi wanda bai cika milimita ɗaya ba, ta yi tartsatsi. Inji mai silinda huɗu, in yana juyi 3,000 a minti guda, tartsatsi 100 ya ke bukata cikin kowane sakan.

Ita wutar lantarki halin ruwa gare ta, inda ya fi sauƙi nan ta ke bi. In robar waya ta tsufa ta tsattsage, ƙura da laima suka shiga tsagar, sai wutar ta ga ta sami gajeriyar hanya zuwa jikin inji, ta bar fulogi a bushe. Sa'ad da aka taka mai a kan tudu matsi ya kan ƙaru cikin silinda, giɓin fulogi ya ƙara wuyar tsallakewa, shi ya sa a nan ne ta fi zurarewa. Watau motar abokina tun farko tana faɗin ciwonta, ba a dai saurara ba ne.

Wayar iri uku ce, bambancinsu kuwa a ciki ya ke, ido ba ya gani. Ta fari mai silin jan ƙarfe, ita ce ta asali. Ba ta tare wuta ko kaɗan, tana da ƙarko, amma tana watsa ƙara cikin rediyo da talabijin na maƙwabta, har a Ingila aka yi doka wadda ta fara aiki a 1953 cewa sai an sa wa sababbin motoci abin kashe wannan ƙara. Ta biyu ba ƙarfe a cikinta, zare ne aka turmuɗa da garin kabon. Ita tana yi wa wutar turjiya, dubban om cikin kowace ƙafa guda, ta haka ta ke kashe ƙarar. Aibinta shi ne in ta sha zafi da girgiza, ko an ja ta da ƙarfi, zaren ya kan katse daga ciki alhali daga waje tana nan kamar sabuwa. Ta uku siririn ƙarfe ne aka naɗe bisa zare kamar yadda a kan naɗe kirtani, turjiyarta kaɗan ce, tana kuma kashe ƙara.

Mai kaya a kasuwa zai ce maka ta fi kauri, ko ja ce, saboda haka ta fi ƙarfi. Kada wannan ya ruɗe ka. Launi ba ya ƙara wa mota gudu, kaurin kuwa na roba ne. Yawancin motocin wancan zamani milimita 7 aka yi wa ramukan murfin distirbutarsu, mai milimita 8 sai an matsa ta, matsawar kuwa ta kan fasa murfin da samunsa ya yi wuya yanzu.

Abin da ya kamata shi ne motar ta zaɓa wa kanta. A motocin Ingila masu kayan wutar Lucas, irin su Morris Minor da aka yi daga 1948 zuwa 1971, a kan sami murfin da ke da ƙusa mai tsini wadda ke huda wayar, ko kuwa noti da 'yar wasa ta tagulla inda a ke baza silin a kai. Irin wannan murfi jan ƙarfe ya ke so. In ka sa masa mai kabon, ƙusar za ta cinye zaren a hankali. Volkswagen kuma wayarta jan ƙarfe ce, amma an ɓoye turjiyar om 1,000 cikin hular da ke kama fulogi, kuma jikin hular akwai wata faffaɗar roba mai toshe rami. Sau da yawa na ga an yar da wannan roba an ce ba ta da aiki. Ai kuwa injin nan da iska a ke sanyaya shi, kowane rami da aka bari iskar ta kan tsere ta nan, kan silinda ya yi zafi. Peugeot 404 da 504, waɗanda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, fulogansu suna can ƙasan rijiya, sai da doguwar hula irin tasu.

A kula kuma kada a tara turjiya a kan turjiya. Fulogi mai harafin R cikin lambarsa yana da tasa, wajen om 5,000. In aka haɗa shi da hula mai turjiya da waya mai kabon a kan tsohon kwayil mai bolt 6, tartsatsin zai fito a raunane. Wanda kuwa ya cire kwantak ya sa na'urar zamani a madadinsa, to, ya bar jan ƙarfe tsura, domin ƙararsa ta kan rikita na'urar.

Gwaji ba shi da wuya. A ta da inji da dare a wuri mai duhu, a buɗe murfi, a tsaya a duba ba tare da an taɓa kome ba. In an ga shuɗin tartsatsi yana wasa a jikin waya, ta gama aiki. Sai dai a tabbata ba fetur da ke yoyo kafin a yi wannan. Da rana kuma, inji a kashe, a lanƙwasa kowace waya a ga ko za ta nuna tsaga, sa'an nan a auna ta da mita; wadda ta yi nisa da 'yan'uwanta fiye da abin da tsawonta ya isa ya jawo, ita ce mai laifi.

Ba kowace tsohuwar waya ce ta cancanci bola ba. Mai jan ƙarfe, in robarta na da taushi, a kan wanke ta da ruwan sabulu, ban da fetur, a yanke ɗan bakin da ya yi kore, a goge tagullar, a mai da ita. Mai kabon kuwa ba ta gyaruwa. Masu son motarsu ta koma kamanninta na asali suna iya samun waya mai rigar saƙa irin ta dā, wadda aka sa wa robar zamani daga ciki, a saya da awo a yanka daidai tsawon tsohuwar.

Wajen sakewa a bi ɗaya bayan ɗaya, a murɗa hula a zare, kada a ja waya, kada kuma a ɗaure su dami guda, domin wuta ta kan tsallaka daga wannan zuwa waccan. In an riga an rikita su, jerin tashin yawancin masu silinda huɗu 1-3-4-2 ne, na Volkswagen 1-4-3-2, Faransawa kuwa sun saba ƙirga silinda ta ɗaya daga wajen giya. A nan ne muka yi tuntuɓe da motar abokina, muka ƙirga daga gaba, ta yi ta harbi kamar bindigar sallah, sai da muka koma ga littafin da tsohon ya bari cikin akwatin gaba.